Bakin Hagu na Bindigar Malam

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kai Malam makwancinsa, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta. Ban taɓa cewa komai a kansa a gaban jama'a ba, don ba a rene mu da mace ta zauna tana yabon mijinta ba. Abin da ya buɗe mini baki bana shi ne abin da ya faru a maƙerar Usta Garba bayan girbin dawa. Zan faɗi waɗanda ke wurin ran nan, don kada a ce a ɗaki na ƙaga. Akwai Usta Garba mai maƙerar. Akwai Bala, ɗan maƙwabcinmu marigayi Alhaji Tanko. Akwai Malam Ɗanjuma, abokin Malam tun suna samari, wanda ido ya tafi ya bar masa kunne. Akwai ɗiyata Asabe, wadda ke rubuta wannan, don ni ko allo ban yi nisa ba balle boko. Sai ni. Akuyar Usta ma tana nan ɗaure, amma ita ba a nemi shaidarta ba.

Magana ce ta bindiga. Mai baki biyu ce, tsohuwar ƙira, irin mai kunnuwa a waje da ake ja baya da babban yatsa. Uban Malam ne ya same ta a hannun wani Bature mai duba gonakin auduga, lokacin da Turawa ke haɗa kayansu. Biyu ne iri ɗaya, kamar tagwaye. Ɗayar ta faɗa gidan Alhaji Tanko, su kuwa farauta suka yi da tasu, agwagin ruwa da zomaye da duk abin da ya gitta.

Tamu aikinta daban. Mu mutanen ƙauyen nan na kusa da Kamlin jikokin matafiya ne. Kakanninmu sun taso daga yamma da niyyar Makka, suka yada zango a bakin kogi don su noma guzuri, ga mu nan har yau muna noman guzurin. Ina jin shi ya sa tafiya da dawowa ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Idan mutum zai yi doguwar tafiya, Hajji ko neman abinci, Malam zai raka shi bakin gari ya buga masa bakin dama. Ranar da ya dawo sai ya buga masa na hagu. Dama sallama, hagu maraba. Kana cikin hawasha, wato gonar da hukumar ban ruwa ta yanka maka, in ka ji ƙara ka san wani ya tafi ko wani ya iso, mata su fara guɗa tun ba su san ko wane ne ba. Harsashin nan Malam ne ke ɗura abinsa a kwanson tagulla: albarushi, sai curin auduga, sai ya liƙe da kaki. Ba ya sa dalma ko ƙwaya ɗaya. Yakan ce ƙara yake so, ba jini ba.

A saman gadonmu take rataye. Mace ba ta taɓa ta, ba ta tsallake ta, haka muka tarar. Ni dai kallonta nake yi. Kuma duk garin nan an san idona. Na san wadda ta rage sukari a shayin biki, na san yaron da ya yi salla ba alwala. Da an tambaye ni, da na rantse babu abin da ke cikin ɗakin nan da ban sani ba.

Yanzu dole in yi maganar ɗan fari. Mu ba ma kiran sunan ɗan fari, ba ma wasa da shi a gaban mutane, ko kuka yake yi sai wata ta ɗauka. Kunya ce, kuma abu ne mai kyau. Amma ni na samu wurin ɓuya a cikinta. Shekarar da ya zama saurayi, auduga ta yi kyau irin wanda ba a saba gani ba, hawasha ta yi fari fat, ga Malam ciwon baya ya kwantar da shi. A daidai lokacin nan yaron ya zo ya ce ya samu aiki a masaƙar Hasahisa, in bai je a makon ba za a ba wani. Na ce ya tsaya a cire auduga. Ya ce zai aiko da kuɗi a ɗauki masu cira. Na ce a gaban ƙannensa da matan maƙwabta, wanda ya bar auduga tsaye a gona ya bar ubansa kwance, kada ƙafarsa ta sake taka gidan nan. Na kuma ce wa Malam ba a buga wa mai gudun gona bindiga.

 Malam ba mai jayayya ba ne, in na ɗaga murya sai ya nemi butarsa. Da hantsi ran da yaron ya tafi, na duba bango babu bindiga, na duba gado babu mai ciwon baya. Can na ji ƙara ɗaya daga wajen tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu. Da ya dawo yana dafa bango, ya ce tsuntsaye ya kora daga dawa. An riga an girbe dawa a lokacin. Na sani, na yi shiru.

Ba da daɗewa ba wani alhaji ya dawo, Malam ya tarbe shi da bakin dama. Mutane suka yi ta tsokanarsa, wai tsufa ya sa ya manta hagunsa da damansa, ko korar alhajin yake ya koma. Ya yi dariya ya ce bakin hagu ya samu ciwo, ba ya tashi. Tun daga nan har ya rasu da dama yake sallama, da dama yake maraba. Kowa ya yarda, har ni.

Yaron ya aiko da sukari da mayafi, na mayar. Ya yi aure, na ce ƙafata na ciwo. Aka yi suna, aka sake suna, ban je ba. Ba mai iya yi mini faɗa, don in an kawo zancensa na sunkuyar da kai, wa zai ce fushi ne ba kunyar ɗan fari ba? Na san Malam na zuwa wurinsa. Ranar kasuwar Hasahisa yakan dawo da ƙanshin sabulun da ba namu ba a rigarsa. Ban tambaya ba, bai faɗa ba. Da ya rasu, yaron ya zo ya yi wa ubansa salla, ya sa shi a kabari da hannunsa. Bayan an dawo ya tsaya a bakin ƙofa, a waje, yana karɓar gaisuwa a tsaye cikin rana. Ina ganinsa ta saman katanga. Kalma ɗaya ake jira daga bakina. Na gyara lulluɓina na koma ɗaki.

Bindiga ta ci gaba da zama a bango, ba mai buga ta. Sai yaƙin nan ya iso mu. Aka ce masu makamai na bi gida gida, kuma duk gidan da aka samu bindiga, mazan gidan sun shiga uku. Ni na sa aka sauke ta a gaggauce, aka naɗe a buhu aka jefa a tur'a. Gidan Alhaji Tanko ma haka suka yi da tasu, a wuri ɗaya, ƙarƙashin gada. Muka tsallake kogi muka yi gabas da abin da kai zai iya ɗauka. Damina biyu muka yi a can.

Da muka dawo, tur'a ta cushe da ciyawa da laka, maza suka yi gayya suka shiga yashe ta. A nan fatanyar wani ta ci karo da ƙarfe. Bindiga ɗaya ta fito, ɗayar har yau ba labari. Icen gindinta ya ruɓe ya zube, tsatsa ta haɗe kunnuwan da jiki, in ba an faɗa maka ba ka ce bututun famfo ne guda biyu. Bala ya ce ta ubansa ce. Na ce ta Malam ce. Mai gari ya ce a kai wa Usta Garba, tun da ubansa ne ke gyara su duka biyun a da, in ta fito da fuskarta a san mai ita.

Na ga aikin Usta da idona, don kusan kullum sai na biya, ban yarda Bala ya riga ni ba. Ya jiƙa ta a man gas cikin wani tsohon kwano mai tsawo, ya bar ta ta sha. Yakan fito da ita ya goge da burushin waya mai laushi, ya ɗan bubbuga da guntun ice, ya mayar. Bala ya gaji ya ce a sa ta a wuta mana, tsatsa ta saki. Usta ya ce shi ba ya kai ƙarfen da bai ga cikinsa ba kusa da wuta, yana da 'ya'ya. A hankali zanen ganye ya fito a gefenta. A ƙarƙashin bakunan kuma wasu 'yan tambura suka bayyana, da rubutun Nasara ƙanana kamar ƙwan tururuwa. Asabe ta karanta, ta ce sunan garin da aka ƙera ta ne da alamar an gwada ta. Bai amfane mu da komai ba, don tagwayen gari ɗaya suka fito. Bala ya ce ta ubansa tana da naɗin wayar tagulla a wuyan icen. To ice ya tafi, waya ta bi shi.

Ran da Usta ya aiko cewa ƙarfen da ake turawa bindiga ta buɗe a sa harsashi ya fara motsi, muka taru a rumfarsa, mu ɗin da na lissafa. Malam Ɗanjuma ba a gayyace shi ba, ji ya yi ya sa aka jawo shi.

Na ce, "Usta, ba sai an wahala ba. Duba bakin hagu. Na Malam ya mutu tun ina da sauran haƙora. In ka ga hagu matacce, tamu ce."

Bala ya ce, "Ya hajja, wanda ya kwana damina biyu a laka ai duka bakunansa matattu ne. Wannan shaida ko ni na iya ta."

Na ce, "Kai da ka iso duniya jiya, rufe mini baki. Ina ganin ranar da aka yi maka kaciya kana kiran innarka."

Usta ya yi dariya, ya duba kunnen hagu, ya ja shi ya sake, ya ja ya sake. Ya ce, "Hajja, ki yi haƙuri, shaidarki ta juya miki baya. Hagun nan lafiyarsa lau. Ya ma fi na dama ƙarfi, na dama ne ya sha aiki har bakinsa ya yi siriri. Wannan kamar an ajiye shi ne ba a taɓawa."

Bala ya tafa hannu ya ce halas, magana ta ƙare. 

Usta ya ce a dakata. Ya ɗauko karan dawa ya zura a bakin dama har ƙarshe, ya sa alama da farce. Ya zura a hagu, sai karan ya tsaya da sauran kamar tsawon yatsa. Ya ce akwai abu a ciki, ko laka ce ko wani abin, kowa ya koma bayansa.

A nan Malam Ɗanjuma ya yi gyaran murya. Ya ce, "Garba, kafin ka buɗe bari in faɗa, don kada a ce bayan na gani na faɗa, ko da yake ni da gani sai a lahira. In ta Tanko ce, laka za ka samu, don Tanko bai taɓa kwana da harsashi a bindiga ba. In ta abokina ce, za ka samu kwanson tagulla, an liƙe da kaki, auduga a ciki, babu dalma."

Usta ya juya bakunan wajen fili, ya tura ƙarfen, ta yi ƙara ta buɗe. Ga gindin kwanso nan a hagu, ya yi kore. Da ƙyar ya zaro shi. Ya ɓanɓare kakin da tsinke, ya jawo curin auduga baƙi ƙirin, ya zazzage a tafin hannunsa. Albarushi ne da ya zama laka. Ba dalma.

Bala ya miƙe ya ce, "Wallahi ta Baba Malam ce. Inna, a yafe ni." Yaron kirki ne, bakinsa ne kawai ya yi masa yawa.

Na yi nasara ke nan. Ina shirin tashi, Malam Ɗanjuma ya juyo da fuskarsa daidai inda nake, kamar yana ganina. Ya ce, "Uwar Asabe, ba ki tambayi ko na wane ne ba." Na ce ban tambaya ba. Ya ce, "To zan faɗa, don ya hana ni faɗa yana raye, bai ce bayan ransa ba. Ran da ya buga wa yaron nan dama a bakin tur'a, a gabana ya ɗura wannan. Ya ce hagu ta zama ta mutum ɗaya. Duk kaka sai ya zo gidana ya zazzage tsohon albarushi ya sa sabo, wai kada ranar ta zo ta ƙi tashi. Na ce masa ya yi miki magana mana, gidansa ne. Ya ce ke kika ɗaure, in shi ya kwance da ƙarfi yaron zai shigo gida amma ba zai shigo wurin uwarsa ba. Zai jira."

 Asabe ta juya baya tana share ido. Ni ban yi kuka ba, ban iya shi a gaban maza ba. Na miƙa hannu Usta ya sa mini kwanson. Ran nan na fara taɓa wani abu na bindigar nan.

Tun daga lokacin nake lissafin abin da ba ya lissaftuwa. Duk daren da na kwanta a gadon nan, maraba tana rataye a saman kaina, a ɗure, ana sabunta ta kowace shekara, ni kuwa mai ido ban gani ba. Ko in ce na ga abin da ya ishi mai hankali, ƙarar bakin tur'a da ƙanshin sabulu da hagun da ya mutu rana ɗaya ba dalili, na zaɓi in ga bango. Da ya yi mini faɗa, da na samu abin ramawa. Bai ba ni ba. Ya mutu yana jira, kuma ba ciwon baya ne ya fi cin sa ba.

Nakan ce da zai leƙo yau, me zai ce? Zai ga masaƙar da na yi fushi a kanta ta rufe tun tuni, tsuntsaye ke kwana a ciki. Zai ga hawashar da na kori ɗa saboda ita, ni da bakina na ce a daina shuka mata auduga, gyaɗa da dawa sun fi. Zai ga jikokinsa ina yi musu Hausa suna amsa mini da Larabci. Abin da zai fi ba shi ciwo, ina jin, shi ne ƙarar bindiga. A zamaninsa in ta tashi mata guɗa suke yi. Yau ko ƙofar mota aka buga da ƙarfi, yara sai ƙarƙashin gado. Mutane sun dawo garin nan daga gudu, gida gida, wanda ya fi kowace dawowa da aka taɓa yi, ba a buga wa kowa maraba ba, ba kuma wanda ya so a buga.

Usta ya gama aikinsa daga baya. Ya sassaƙa mata sabon gindi da icen bagaruwa, ya shafe shi da man riɗi har ya yi duhu, ya goge ƙarfen ya bar tabon tsatsa inda ya ci da zurfi, ya ce in ya kankare duka ba abin da zai rage. Ya gargaɗe mu kada a sake sa mata wuta, ruwa ya ci cikinta, za ta fashe a hannun mai bugawa. Mai gari ya shaida wa hukuma cewa ta zama kayan bango. Tana nan inda take a da. Ba ƙarfen ne ya rage mini na Malam ba, ba kuma ƙarar da yara ba za su sake ji ba. Abin da ya rage shi ne mutum ya iya riƙe wa wani wurinsa shekara da shekaru, ba gori, ba hayaniya, yana sake albarushi. Masu karatu, in akwai irinsa a gidanku, kada ku ɗauki shirunsa yarda ce.

Na tsallake abu ɗaya, da shi zan rufe. Na daɗe da sanin inda yaron yake. Yaƙi ya kore shi daga birni da iyalinsa, yana Managil yana aiki a injin niƙa cikin kasuwa. Asabe takan kira shi a waya a bayan garken awaki, tana zaton ban sani ba.

Washegarin ranar maƙera, da na idar da salla, na ƙulle kwanson a bakin mayafina na ce wa Asabe ta ɗauko takalminta. Muka hau motar Hasahisa, muka wuce ta gaban masaƙar, na kalle ta sosai. Daga can muka hau ta Managil. Kasuwar ta fi yadda nake zato girma, injinan niƙa kuma ba ɗaya ba ne. Muka tsaya wurin wata mai shayi, Bahausa ce, ta ce, "Hajja, wa kuke nema?" Asabe ta buɗe baki, na riƙe hannunta. Tun ranar sunansa ban taɓa furta shi ba. Na faɗa, ya fito a shaƙe, ga ƙarar inji, matar ta ce ba ta ji ba. Sai na ɗaga murya irin wadda na kore shi da ita. Asabe, rubuta shi yadda na faɗa. Na ce, "Yusufu nake nema. Ɗana ne."

Wani mutum mai furfura ya juyo daga bakin injin da ke gefe, gari ya rufe masa gira, kafaɗunsa na Malam. Ya tsaya inda yake, kamar yadda ya tsaya a bakin ƙofa ran nan. Wannan karon ni na taka. Na kwance bakin mayafi, na kamo hannunsa na sa masa kwanson. Ya juya shi, ya ga ragowar kaki a bakinsa, na ga ya gane.

Na ce, "Ubanka ya ce sannu da zuwa. Ni na tsare saƙon. Wanke fuskarka mu tafi gida."